Ruwan da Baba Ya Ɗaure

Jikana ne ya tayar mini da wannan zance, shi da wayarsa. Yana karatu a wata ƙasa mai sanyi, kusa da wani babban kogi, kuma kwanan baya ya kira ni yana tsaye cikin ruwa har gwiwa, riƙe da wani kifi mai tsawon hannunsa, wai shi salmon. Ban gama ƙare wa kifin kallo ba sai na ga yaron ya sunkuya ya sake shi. Na daka masa tsawa, na ce kai, lafiyarka kuwa? Ya ce, "Ya jaddi, nizam ne. Mamnu'u." Wato Kaka, doka ce, an hana. Ya shiga yi mini bayani rabi Hausa rabi Larabci yana ƙunƙuni: sai ka nemi izini kafin ka jefa ƙugiya, ƙugiyar ma sai marar ƙaya, akwai lokacin da ake rufe kogin gaba ɗaya saboda kifin yana hawowa daga teku ya zuba ƙwai, in an buɗe kuma ba ka wuce biyu a yini, shi kuwa ya riga ya cika nasa. Wai takurar ta yi yawa. Tun da ya kashe wayar na kasa zama wuri ɗaya. Na hau sama na sauko, na buɗe taga na rufe, har matar ɗana ta tambaye ni ko hawan jinin ne ya motsa. Ba hawan jini ba ne. Baba na tuna.

Baba Basarke ne, haifaffen bakin Kwara ta wajen Yawuri, gidansu kowa masunci. Da ƙafa ya zo aikin hajji yana saurayi, ya zo ziyara Madina, ya ce zai ɗan zauna, zaman da bai tashi ba ke nan. Mutumin da ya girma cikin kwalekwale sai ga shi yana ban ruwa a gonar dabino a Jurf, yana buɗe ƙorama da fartanya yana toshewa. Mu kuwa a Harra ta Yamma aka haife mu, cikin baƙaƙen duwatsun nan masu cinye takalmi, a gida mai ɗaki biyu da tsakar gida. Lokacin babu na'urar sanyaya ɗaki a unguwarmu, babu famfo. Da safe abin da ke tashinka shi ne ƙarar garewanin mai ruwa suna karo da juna a kafaɗarsa, da kukan jaki, da Inna tana kankare tukunya tana faɗa da kajin maƙwabta. Yau in ka tsaya a wurin ba ka jin komai sai gurnanin na'urori a bango da hon ɗin motoci. Ban ce da can ya fi daɗi ba, don na sha zafin da ba zan yi wa maƙiyina fatansa ba. Amma a lokacin kana jin motsin maƙwabcinka, shi ma yana jin naka.

Garin nan mai albarka ya ba Baba komai ban da kogi, kuma bai taɓa daina mitar hakan ba. In aka kawo hut daga Yanbu cikin ƙanƙara, wato kifin teku, Inna ta soya, sai ya ɗan taɓa ya ture faranti ya ce wannan kifin gishiri ne, bai san ɗanɗanon laka ba. Inna Bakanuwa ce, bakinta ba ya ajiye magana. Takan ce, "To Alhaji, sai a debo maka lakar a zuba a kai." In ruwan sama ya sauka a tsaunuka, kwari ya cika da ambaliya, mutanen gari su fita kallo da shayinsu, Baba ne kan gaba. Zai tsaya a bakin ruwan yana kallo har ya janye, ya dawo gida fuska a murtuke, ya ce ruwa ne dai, amma babu kowa a cikinsa.

Daga bakinsa muka san cewa ruwa yana da doka. Kawunsa ne Sarkin Ruwan garinsu, kuma in lokacin ƙwai ya zo, kifi ya fara hawa fadama, sai a kafa sanda a bakin gulbi a ƙulla kaba a kanta. An ɗaure ruwa ke nan. Daga ranar babu mai jefa birgi, babu mai kafa gura, ko yaro ba ya sa fatsa, har sai wanda ya ƙulla ya zo da kansa ya kwance. In an kwance ma, mai ciki a mayar da ita, ƙanana a mayar, kuma ka jiƙa hannunka kafin ka taɓa kifin da za ka saki, don busasshen hannu yana ƙona shi. Ni da Yayana mukan saurara muna danne dariya. Wace doka, wane gulbi? Mu da ko kwaɗo ba mu cika gani ba. Yaya ya fi ni rashin haƙuri, kuma tun yana ƙarami in Baba ya yi masa Hausa da Larabci yake amsawa, abin da ke ƙona ran tsohon.

Na kai saurayi lokacin da gari ya fara kumbura, ana zuba kwalta ta ko'ina, kowa yana gini. Na samu tuƙin wanet, ƙaramar motar ɗaukar kaya, ina kai siminti da fulawa ƙauyukan arewa. Ƙafata ba ta zama a lokacin, yanzu ma zuciyar ce ba ta zama. Wata rana motar ta yi zafi a wani kwari can cikin duwatsu, nesa ƙwarai da iyakar Harami, na ɗauki jarka na bi sawun awaki neman ruwa. Sai ga gadir, wato tafkin da ambaliya kan bari, shimfiɗe tsakanin duwatsu, da ciyawa a gefensa, faɗinsa ya fi tsakar gidanmu sau da yawa. Na tsoma jarka, sai na ga abu ya watse a ƙarƙashin hannuna. Na tsaya cak. Kifi ne, baƙi-baƙi, waɗansu kamar yatsa, waɗansu sun kai tafin hannu har da ɗori. Makiyayan wajen ba su damu da su ba. Ban san lokacin da na koma mota ba, kuma ban tsaya ko'ina ba sai gida.

Baba yana alwala na faɗa masa. Ya ajiye buta ya ce, "Mi kac ce?" Na maimaita. Ya ce in ƙarya nake Allah yana gani. Ranar Juma'a bayan an sauko muka tafi, ni da shi da Yaya. Da muka isa Baba ya nufi bakin ruwan. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya shiga ruwan a hankali kamar mai shiga ɗakin surukai. Ya daɗe a sunkuye, hannuwansa cikin ruwa, can sai ya ɗago da ɗaya a tafinsa. Ya juya ta, ya shafa cikinta da babban yatsa, na ga fuskarsa ta canza. Ya mayar da ita ya fito. Yaya ya riga ya kwance shimaginsa, wato rawanin da ke kansa, zai kamfaci kifi da shi, Baba ya riƙe masa hannu.

"Ƙwai gare su. Duk cikinsu ya cika. Ba a taɓa su yanzu."

"Ya abuya, esh hada? Mene ne haka, Baba? Mun yi wannan tafiyar duka, mu koma hannu wofi?" in ji Yaya.

"Ruwanga na ɗaure shi," in ji Baba.

Ya sa na saro masa sanda, ya yanko ganyen wani ɗan dabinon daji, ya ƙulla a kai, ya kafa ta a bakin ruwa ya tokare da duwatsu. Ya ja da baya ya dube ta, ƙirjinsa a buɗe. Ban taɓa ganin Baba da tsayi kamar ranar ba. Ko a ransa bai kawo cewa a duk faɗin Hijaz babu mai iya karanta wannan ƙulli sai mu uku ba, mu ukun ma biyu ba su yarda da shi ba. A wurinsa sanda ta tsaya, magana ta ƙare.

Daga nan gidanmu ya koma gidan saƙa. Baba ya sayo zare, ya fere ɗan katako ya yi allura, ya ce zai saƙa birgi, ragar nan mai da'ira da ake jefawa ta buɗe a sama ta faɗa kan kifi. Idonsa ya riga ya fara rauni, saboda haka yakan zauna bakin ƙofa inda haske ya fi, ya ɗaura zaren a babban yatsan ƙafarsa, yana ƙulli yana ƙirga ido da leɓe. Dalmar da za a sa a bakin ragar ni na roƙo masa ita wurin masu gyaran taya, ya narke ta a gwangwani a kan murhun Inna, ta yi ta faɗa wai ya ɓata mata gida da wari. Abu ɗaya yake so kuma bai ɓoye ba: ya jefa birgi a ruwa mai kifi sau ɗaya kafin ya mutu. Haka yake faɗa, ko a gaban baƙi. Da ragar ta kammala sai ya fara gwaji a tsakar gida. Ya tara takalmanmu a tsakiya, ya ɗora gefen ragar a kafaɗa, ya ciji baki ɗaya da haƙori, ya juya ƙugu ya saki. Wallahi abin yana da kyau. Sai ta buɗe fal kamar faifai ta sauka, dalma ta ce kacau a kan dutse. Rannan kazar maƙwabta ta shigo a kan gaɓa, birgi ya rufe ta, ta cika unguwa da kuka. Inna ta ce, "Barka Alhaji, an fara da mai fuka-fuki."

Ni kuwa duk lokacin nan a ƙage nake. Kullum ina tambaya yaushe za a kwance, kullum amsar ɗaya ce, sai 'ya'yan sun yi ƙwari. Zafi ya shigo, irin wanda kwalta ke narkewa. Sau biyu hanya ta bi da ni kusa da kwarin, na ji kamar in leƙa, na tuna Baba ya ce wanda ya ɗaure shi ke fara zuwa, na wuce. Har ranar da ya dubi sama ya ce gobe. Inna ta daka yaji, ta jiƙa tsamiya, ta aika wa maƙwabta cewa gobe akwai kifin ruwan daɗi a gidan Alhaji. Muka loda babbar tukunya da ƙaramarta da jarkoki, Baba ya rungume birginsa a gaban mota, bai yarda a sa shi a baya ba.

Tun kafin mu ga ruwan muka ji ƙarar. Tuk, tuk, tuk, tana amsawa a duwatsu. Baba ya san wannan ƙara fiye da kowa, don ita yake ji kullum a Jurf. Matur ne, injin jan ruwa. Wani baƙin tiyo ya taso daga gadir ya bi gangare zuwa wata sabuwar gona, inda aka dasa 'ya'yan dabino a jere. Tafkin da muka bari ya koma ɗan kududdufi, ruwansa bai kai gwiwa ba, gefensa laka ce ta tsattsage. Kifin duk sun taru a ciki, manya da dubban ƙanana, suna buɗe baki a saman ruwa. Sandar Baba tana nan tsaye inda ya kafa ta, can nesa da ruwan yanzu, ƙullin ya bushe ya yi fari. Babu wanda ya taɓa ta.

Mai gonar ya taso, wani dattijon Badawi mai fara'a, ya yi mana maraba, har yana cewa a kawo gahawa. Baba ya nuna masa sandar da Larabcinsa mai ɗingishi, ya ce bai ga wannan ba? Mutumin ya ce ya gani mana, ya ɗauka alamar wani ce, shi ya sa ya hana yaransa cire ta. Baba ya ce an ɗaure ruwan ne saboda kifi. Dattijon ya dube shi da mamaki na gaskiya, ya ce, "Ya hajji, dabinona ƙishirwa suke ji. In ban ba su ba su mutu." Na zuba ido in ji abin da Baba zai ce. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana shayar da dabinon wasu, me zai ce wa mai shayar da nasa? Na ji tausayinsa.

Yaya ne ya tsoma baki. "Halas ya abuya, jefa. Ga su nan a tare, kullu, dukansu. Ko ka bar su gobe sun mutu. Yalla, jefa, ai abin da ka saƙa ta dominsa ke nan."

Gaskiya ya faɗa, ni ma abin da ke raina ke nan. Jifa ɗaya zai kwashe su tas, a cika tukunya, Inna ta fita kunyar maƙwabta, tsoho ya cika burinsa. Baba ya sauke birgin daga kafaɗa, ya warware shi, har ya ɗora gefe a kafaɗa. Ya daɗe yana kallon kududdufin. Sai ya naɗe ragar ya miƙa mini.

"Ba a jefa birgi kan kifin da ba shi da wurin gudu. Wanga ba su ba ne, kwasa ce." Ya juya ga dattijon ya tambaye shi ko akwai wani ruwa a sama. Dattijon ya ce akwai, can cikin matsatsin dutse, mai zurfi, ba ya ƙafewa, tiyo ba ya kaiwa.

"Ku ɗauko tukwanen," in ji Baba.

Yaya ya ce wallahi wannan hauka ne, ya faɗa da Larabci ya sake faɗa da Hausa don kada a ce ba a ji ba. Baba bai ko dube shi ba, ya shiga laka ya jiƙa hannuwansa. Haka muka yini. Tukunyar da aka kawo don dafa kifi ita ta zama motarsu. Mu cika ta da ruwa, mu kamfato su da kwano da hannu, mu kama kunnuwanta mu biyu mu hau duwatsun nan masu zafi kamar murhu, ruwa yana fantsama a ƙafafunmu, mu juye a ruwan sama mu sauko. Ban san sawu nawa muka yi ba, na dai san tafin ƙafata ya yi bororo. Yaya yana hawa yana zage-zage, amma bai ajiye kunnen tukunyar ba, kuma da kwano ya gaza kama ƙananan, shi ya kwance shimaginsa ya tace su da shi. Dattijon ya kashe injinsa ya zauna yana kallonmu, can ya turo 'ya'yansa da bokiti. Na tabbata har ya mutu yana ba da labarin Takarun nan, baƙi irinmu, da suka yini suna kai kifi sama. Baba yana cikin laka yana ta faɗa mana, "Ku jiƙa hannu! Kai, jiƙa hannunka!"

Waɗanda suka mutu a hanya su kaɗai ya yarda muka ɗauka, ba su cika ƙaramin kwano ba. Da muka shiga gida Inna ta leƙa babbar tukunya ta ga laka, ta leƙa kwano, ta dubi mata uku da ke zaune suna jira. Ta ce, "Alhaji, kifin ne ka kai su hajji?" Amma da ta ga ƙafafunsa ba ta ƙara ba. Ta yi miya da ɗan abin da aka samu, aka ba maƙwabta romo, aka sa wa Baba guda biyu. Ya ci a hankali, ya tsotse kai, ya tauna ƙaya, ya ce wannan ya san laka. Sannan ya ce in ambaliya ta zo ta sake cika gadir, 'ya'yan nan za su sauko, sai mu je a kwance. Ambaliyar ba ta zo ba a shekarar, ba ta zo ba a ta bayanta. Da ta zo, Baba yana kwance a maƙabartar Baƙi'a.

Shekarun nan duka birgin yana cikin akwatina. Mun tashi daga Harra, gidan ya zama titi, Inna ta tafi, Yaya ya tafi, ban taɓa komawa kwarin ba, kullum ina cewa sai an samu lokaci. Bayan wayar jikana na kwana biyu ina zagaye gida, a na uku na ce wa ɗana ya fito da mota. Yanzu kwalta ce har kusa da wurin. Gadir na ƙasa babu shi, gonar ma babu, sai kututturan dabino a tsaye da gwangwanayen 'yan yawon shaƙatawa. Na hau duwatsun ɗana yana riƙe da ni, ina hutawa a inda da nake wucewa da tukunya a guje. Ruwan sama yana nan cikin matsatsinsa, kore, shiru. Na durƙusa na tsoma hannu, abu ya watse a ƙarƙashinsa. Na yi kuka, ban ji kunyar yaron ba.

Ɗana ya ce, "Yalla ya abuya, jefa ta sau ɗaya, saboda kaka." Na warware ragar, na ɗora gefe a kafaɗa yadda na gani a tsakar gida. Amma na ce bari tukuna. Na jiƙa hannu na lallaɓa na kamo ɗaya, na shafa cikinta da babban yatsa. A cike take. Na mayar da ita, na sa yaron ya saro mini sanda, na nemo ganye na ƙulla. Ya tambaye ni wa zai gane wannan. Na ce kai, tunda ka gani, kuma ka kira ɗan nan naka ka faɗa masa ya daina ƙunƙuni.

Birgin ya dawo gida a bushe. Har yau abin da ya taɓa kamawa a duniya takalmanmu ne da kazar maƙwabta.